Sawun da Ya Kauce Hanya

Kafin rana ta leƙo ta bayan dutse, rumbun ciyawar gidan tsohuwar nan Baba Gyurga ya ƙone ƙurmus. Da na isa wurin, ginshiƙai huɗu kawai suka rage suna hayaƙi, tumaki sittin na ta kuka a garke, abincinsu na hunturu duka ya zama toka. Rabin mutanen garinmu Vranin Dol suna tsaye da bokitai a hannu, amma ba mai duban wutar. Ƙasa kowa yake kallo.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gadin dajin garin nan, ina bin sawun kerkeci da na ɓarayin katako. Mutanenmu ba sa tunawa da ni sai abu ya ɓace. Ran nan kuwa ba wanda ya aika a kira ni, don a ganinsu ko makaho ya shafa wannan sawun zai faɗi mai shi. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, ta ɗauke da asuba, ga sawu nan ya fito daga bayan rumbun ya miƙe gangare: takalmi mai tsinin baki da doguwar dunduniya, da ƙarfe a goshinsa.

"Duba da idonka, Bai Manol," in ji Kamen, babban ɗan Baba Gyurga, fuskarsa duk gawayi. "Wa ke sa wannan takalmin 'yan iska a garin nan? Ya kashe mana ɗan'uwa, yanzu ya dawo kan dabbobi."

Ba sai ya kama suna ba, da Zahari Mladenov yake.

Zahari ɗan garin nan ne. Yana shekara goma sha bakwai ya rataya gita ya tafi Sofiya, babban birnin ƙasa, tare da abokinsa Strahil, ɗan Baba Gyurga na tsakiya, wanda ke masa ganga. Kiɗan rok suke yi, irin wanda a kunnena ba shi da maraba da injin yanka katako, amma da shi suka riƙa cika filayen ƙwallo, har mu ma mukan taru a shagon Spas mu gan su a talabijin muna cewa namu ne. Sai barasa ta shiga, ƙwaya ta biyo baya. Shekara shida da suka wuce, bayan wani wasa, Zahari ya ja mota a buge ya daki ginshiƙin gada. Shi ya fita da karyayyen hannu, Strahil kuwa a akwati aka kawo mana shi. Aka yanke wa Zahari shekara goma. Ya yi shida, wata biyu da suka wuce aka sake shi ɗaurin talala: ya zauna a gidan uwarsa, kada ya bar garin sai da izini, kuma ko ƙaramin laifi aka same shi da shi, ya koma ya cika huɗun da suka rage, a ɗora masa na sabon laifin. Uwar ta rasu a lokacin kakar da ta wuce yana tsare, ba a bar shi ya zo jana'iza ba. Tun da ya dawo ba mai amsa gaisuwarsa.

Jama'a suka nufi gidansa da sanduna. Allah ya sa Velika, shugabar ƙauyenmu, ta riga su. Gajeriyar mace ce amma muryarta takan tsayar da bijimi. Ta fito da shi da safa kawai a ƙafa, ta kulle shi a ɗakin ajiya na ofishinta. Takalman suna bakin ƙofarsa, inda kowa ke tuɓe nasa kafin ya shiga gida, jiƙe sharkaf, suna warin kananzir.

Ta ja ni gefe. "Sajan Dechev na 'yan sanda ya ce ƙanƙara ta toshe hanya, ba zai iso ba sai wajen ƙarfe uku. Ya ce wani ya riga ni buga musu waya, bai faɗi sunansa ba. Bai Manol, in ya zo ya tarar da abin haka, yaron nan ya tafi ke nan. In kuma bai zo da wuri ba, ƙofar nan tawa katako ce kawai."

Na ji tsoro ya kama ni, don na san mutanen da ke tsaye a waje tun suna tsumma, kuma ban taɓa ganin idonsu haka ba.

* * *

Na bi sawun a baibai, daga rumbu zuwa gidan Zahari. Tafiya ce da dawowa. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Takun gajere ne, Zahari kuwa dogo ne. Sannan bakin takalmin bai nutse sosai ba, kamar ƙafar da ke ciki ba ta kai ƙarshe ba. Sai dai mashayi ma yakan gajarta taku ya ja ƙafa, wannan ba hujjar da za a kai wa ɗan sanda ba ce.

Sawun ya shiga lambun tuffa na bayan gidan ta wata kafar shinge. A nan akwai hanyar da Zahari ya tattake wata biyu yana zuwa ɗibar ruwa a marmaro, miƙaƙƙiya daga ƙofar baya zuwa kafar. Sabuwar ƙanƙara ta rufe ta amma kwarinta na nan a fili. Mai takalmin ya bi ta, kamar yadda kowane mai sauri zai yi. Da ya zo daidai itace na uku, sai ya bar hanyar, ya faɗa ƙanƙara mai kai gwiwa, ya yi zagaye kamar taku goma, ya dawo kan hanya. Haka ya yi wajen tafiya, haka ya yi wajen dawowa.

Na sa sanda na caccaki wurin da ya kauce wa. Ba rami, ba dutse, ba kututture. Fili ne kawai. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, ban gane dalilin zagayen ba.

* * *

Zahari na zaune a kan buhun gishiri a ɗakin ajiya, an yafa masa bargo. Gashin nan da 'yan mata ke ihu a kai ya yi fari ya zube. Hannunsa na hagu, wanda ya karye, yana ajiye a kan gwiwarsa.

"Kai ka yi?" na ce.

"Ban sani ba, Bai Manol."

"Wace irin magana ce ban sani ba? Wuta ce fa, ba atishawa ba."

"Na sha jiya. Shekara shida ban taɓa ba, jiya na sha. Na ɗauko gita, yatsun suka ƙi, sai na buɗe kwalba. Ban san inda kaina yake ba sai da Velika ta jijjiga ni." Ya ɗago jajayen idanu. "Wancan karon ma ban tuna ba. A asibiti aka gaya mini Strahil ya mutu. In ka ce ni ne, zan yarda."

"Me ke gindin itace na uku a lambunku?"

Ya dube ni kamar na yi masa yaren waje. "Ƙanƙara."

A waje wani ya jefi taga da dutse. Zahari ya dafe kai da hannu biyu. "Ba zan iya wata shekara huɗu ba," ya ce a hankali. "Na san abin da zan yi wa kaina a can."

* * *

Spas mai shago bai jira na tambaye shi ba. "Shekaranjiya ya sayi kananzir lita biyu. Ni na zuba masa da hannuna."

"Ni ma ka zuba mini shekaranjiya, Spas. Tun da iska ta tsinka wayar lantarki waye bai saya ba? Ko ni ma ka ga na ƙona rumbu?"

"To ai in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu," ya ce, mashayan da ke zaune suka bushe da dariya. Dariyar ba ta kai ko'ina ba.

Daga nan na je wurin Dragiya, maƙwabcin Zahari, wanda kowa ya san ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan lambun nan, kuma ya taɓa rantsuwa sai ya ga bayan mai shi. Na yi zaton na kama bakin zaren. Yana faskare na same shi. Na dubi ƙafarsa na dubi takalmin Zahari da na ɗauko a hannu, ko rabin tafinsa ba zai shiga ba.

"Da ni ne, Bai Manol," ya ce, "gidansa zan ƙona da shi a ciki, ba abincin tumakin mutane ba."

Na ƙarasa gidan Baba Gyurga. Washegari ne bikin Surva, ranar da samarin gari ke rufa da fatun tumaki da manyan fuskokin dodanni, su ɗaura ƙararrawa a ƙugu, su bi gida gida suna korar sharri. Kayan Kamen da na ƙaninsa Radoy suna rataye a runfa, da kulaken rawarsu jingine da bango. Ina miƙa hannu zan taɓa ɗaya, Radoy ya sha gabana ya ja ƙyaure.

"Ba a taɓa kayan dodo kafin ranarsa, Bai Manol. Kai ka koya mana."

Gaskiya ne, ni na koya musu. Tsohuwar tana zaune a kicin da baƙaƙen kayanta, tana tsince wake. "Allah ya mayar da alheri, Baba," na ce. Ba ta ɗago ba. "Ɗan sandan bai zo ba har yanzu?" Shi ne kawai abin da ta tambaye ni.

* * *

Ƙarfe ɗaya na koma gida ba ni da komai a hannu. Matata Stoyna ta ajiye mini miyar kabeji, na yi ta juya cokali.

"Ka ci ko ka ba kare," ta ce.

Na ba ta labarin sawun da ya kauce. Ina cewa itace na uku, ludayin ya faɗi daga hannunta. Ta yi alamar gicciye a ƙirji har sau uku.

"Daga ƙofar baya kake ƙirgawa?"

"Daga nan."

"Manol, a nan muka zuba ruwan wankan uwarsa."

Sai na ajiye cokalin. A garinmu, ruwan da aka wanke gawa da shi ba a watsa shi ko'ina. Masu wankan ne ke fita da shi su kaɗai, su zuba inda ƙafa ba ta bi, su gaya wa mutanen gidan don kada a taka har shekara ta zagayo. Wanda ya taka, an ce mamacin zai ja shi. Mata ke wanke mace. Gidan kuwa ba kowa a lokacin, ba wanda za a gaya wa.

"Ba wanda ya faɗa wa Zahari?"

Ta sunkuyar da kai. "Wa ke masa magana?"

"Ku nawa ne?"

"Mu uku. Ni, da matar limamin coci, da Gyurga."

"Gyurga ta wanke uwar wanda ya kashe mata ɗa?"

"Tare suka tashi. Cewa ta yi ita haihuwarsa ta yi, ba ita ta ja motar ba."

Matar limami tana Sofiya wurin 'yarta tun kafin Kirsimeti. Saura biyu ke nan. Ba zan ɓoye ba, na saci kallon ƙafar Stoyna, don barcina nauyi gare shi. Ta kuwa kama ni.

"Kai tsohon banza! Shekara arba'in ina wanke maka safa, ni kake aunawa?" Ta make ni da tsumman hannu. Ban taɓa jin daɗin duka irin na ran nan ba. Amma daɗin bai daɗe ba, don na san wadda ta rage.

* * *

Ƙarfe uku da rabi Sajan Dechev ya iso da ankwa a hannu, yana sauri ya juya kafin hanya ta sake toshewa. Na roƙe shi minti goma. Muka taru a ofishin Velika: shi, da Zahari, da Kamen da Radoy da uwarsu, da Spas da Dragiya, da Stoyna. Sauran gari na leƙe ta taga.

Na faɗi abin da na gani dalla-dalla: gajeren taku, ƙafar da ba ta cika takalmi ba, da zagayen da aka yi sau biyu. Na faɗi abin da ke gindin itacen.

"Zahari ya yi wata biyu yana bi ta kan wurin safe da yamma," na ce. "Hanyarsa na nan, kowa ya je ya gani. Wanda ya sa takalminsa yau da asuba yana cikin sauri, da kananzir a hannu, amma ya gwammace ya nutse a ƙanƙara da ya taka. Mutum uku suka san wurin."

Zahari ya miƙe tsaye. "Ruwan Mama nake takawa? Kullum? Kuna gani?" Ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi, har da ni.

"Tatsuniyar tsofaffin mata ce wannan," in ji Kamen. "Sajan, sa masa ankwa!"

"Zauna, Kamen."

Baba Gyurga ce. Ta dafa tebur ta tashi.

"Ni na ɗauki takalmin a bakin ƙofarsa. Ni na kunna wutar. Ni na buga wa 'yan sanda waya. Ban san hanya za ta toshe ba."

"Mama!" Radoy ya yi ƙara. "Ciyawarmu? Don me?"

"Don me? Sajan, aika runfar gidana a ɗauko maka kulaken rawar yaran nan. Ka ɗaga ka ji. Bututun ƙarfe ne a ciki, an naɗe da fata. Kwana uku ke nan na ji su suna shirya yadda za a yi. Gobe dodanni arba'in za su shiga gidan wannan, ƙararrawa na ƙara, ba mai jin ihu, ba mai sanin fuskar da ta yi duka." Ta juya kan 'ya'yanta. "Na roƙe ku kuka ce ban ji daidai ba. Sai na ce gara a zo a ɗauke shi yau, ya tafi inda hannunku ba zai kai ba."

 Kamen ya kafa wa ƙasa ido. Waɗanda ke taga suka fara ja da baya ɗaya ɗaya.

Dechev ya mayar da ankwa aljihu. Ya sa aka kwaso kulaken ya zuba a mota, ya gaya wa tsohuwar kotu za ta neme ta. Sannan ya dubi Zahari. "Kai ba ka da laifi. Koma gida."

"Ka tafi da ni birni, ko kwana biyu ne," in ji Zahari.

"Takardarka ta ce gidan uwarka. In ka fita ba izinin alƙali, ka karya sharaɗi. Alƙali kuwa sai Litinin."

Ya shiga motarsa ya tafi. Na tsaya ina kallon fitilunsa suna gangarawa, ina tambayar kaina ko ceton yaron nan na yi ko kuwa miƙa shi na yi. An kwashe kulake biyu, amma ƙarfe bai ƙare a garin ba.

* * *

Washegari tun da hantsi ƙararrawa ta fara daga saman gari. Duk wanda ya tashi a nan yana son ƙarar nan, amma ran nan ban ji daɗinta ba. Na saɓa bindigata na nufi gidan Zahari, ban ma san wa zan harba ba, don duk 'ya'yan abokaina ne.

An riga ni. Baba Gyurga na zaune daidai bakin ƙofarsa a kan kujerar kicinta, wadda ta ɗauko da kanta, hannuwanta a kan cinya.

Suka shigo tsakar gidan, su arba'in, da ƙahoni da gashin tsuntsu da haƙoran katako, ƙasa na girgiza. Biyu mafiya tsawo suka fito gaba suka tsaya. Ƙararrawa ta yi shiru.

"Kamen," in ji ta, "ni na ɗinka fatar da ke jikinka. Radoy, kai ma. In shiga za ku yi, ga ni nan, ku fara takawa ta kaina."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Yatsana na kan kunamar bindiga. Can sai wani daga baya ya yi tsalle, ƙararrawarsa ta amsa, wani ya bi, suka shiga zagaya tsakar gidan kamar yadda ake yi wa kowane gida. Dogayen biyu ba su yi rawa ba. Suka juya suka fita, sauran suka bi su.

Sai da ƙarar ta yi nisa ƙofar ta buɗe. Zahari ya fito ya zube a gabanta cikin ƙanƙara.

"Baba, ki yafe mini."

Ta dube shi.

"Ban yafe ba. Ba kuma zan yafe ba har in koma ga Allah. Na binne ɗaya, ba zan riƙa kai wa biyu abinci kurkuku ba, shi ke nan." Ta yunƙura ta tashi, gwiwoyinta na ƙara. "Tashi ka ɗauko mini kujerata, ƙafafuna sun gaji."

Ya ɗauki kujerar ya bi bayanta, suka ratsa tsakiyar gari, mutane na tsaye a ƙofofinsu suna kallo.